Ginko: Bishiyar Da Ta Binne Danginta Kaf

 Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ta yi wa tsiya, da waɗanda suka fi son karantawa a kan saurare.

Yau labarin bishiya na kawo muku. Na san wani zai ce, "Malam, shirin tarihi muke ko na gandun daji?" Ku ɗan ba ni lokaci. Mun sha yin maganar masarautun da suka yi shekara 500 ko 1,000 muna jinjina musu. To wannan da zan ba ku labarinta, gidansu ya girmi tsuntsaye, ya girmi ciyawa, ya girmi duk wani fure da kuka taɓa gani.

Da yawanku kun ga wani hoto da ke yawo a intanet duk ƙarshen shekara: wata ƙatuwar bishiya a farfajiyar wani wurin bauta, ganyenta rawaya shar, ya zube ya rufe ƙasa kamar an shimfiɗa dardumar zinare. Ranar da na fara ganinsa na ɗauka haɗin kwamfuta ne. Ashe gaske ne. Wurin yana kusa da birnin Xi'an a ƙasar Sin, kuma mutanen wurin suna cewa bishiyar ta kai shekara 1,400. Sunanta ginko. Wasunku kuma a wani wurin daban kuka san sunan, a jikin kwalbar maganin da ake tallarsa wai yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, an rubuta Ginkgo biloba. Ita ce dai. Za mu dawo kan kwalbar nan, ina da magana a kanta.

Abin da ya fara bambanta ta shi ne ganyen. Ku ɗauki ganyen mangwaro ku duba: akwai babbar jijiya a tsakiya, ƙanana suna fita daga gefe suna saƙa raga. Ganyen ginko ba haka yake ba. Siffar mafici ce da shi, jijiyoyinsa suna tasowa daga gindi, kowace ta rabu biyu, biyun su sake rabuwa biyu, har bakin ganyen, ba tare da sun yi saƙar raga ba. Sau da yawa akwai tsaga a tsakiya da ta raba shi gida biyu. Ba ta fure. Sannan akwai namiji akwai mace, kamar yadda muka sani a dabino da gwanda, macen ce ke yin 'ya'ya. 'Ya'yan kuwa idan suka nuna suka faɗo, wallahi ba a magana. Warin man shanun da ya lalace suke yi, wasu ma su ce warin amai, domin sinadarin da ke cikin ɓawonsu shi ne dai wanda ke cikin lalataccen man shanu.

Masana tsirrai suna jera halittu kamar yadda muke jera nasaba: akwai ɗaki, akwai gida, akwai zuri'a, akwai ƙabila. Mangwaro yana da 'yan uwa, kashu ma danginsa ne. Wake yana da dangi dubbai, har da gyaɗa da ɗorawa da tsamiya. Ginko fa? A ɗakinsu ita kaɗai ce. A gidansu ita kaɗai. A zuri'arsu ita kaɗai. Ka yi ta hawa sama kana neman ɗan uwa mai rai, babu. Ku ƙaddara wani tsoho ne da ya fito daga gidan da a da ya cika gari, yau ko ɗan ƙanin kakansa babu a doron ƙasa.

To ta yaya aka san cewa a da gidan cike yake? Nan ne burbushi ya shigo.

Idan ganye ya faɗa cikin laka a bakin kogi, wata lakar ta rufe shi da wuri kafin ya ruɓe, shekaru suka yi ta tafiya, lakar nan takan taurare ta zama dutse, hoton ganyen ya zauna a ciki. Wani lokacin ba hoton kaɗai ba, har da siririyar fatar ganyen. Fatar ganyen ginko kuwa tana da ƙarfi, shi ya sa burbushinta ya yi yawa a duniya. Masana suna auna shekarun duwatsun da ke sama da ƙasa da ganyen, daga nan su ƙiyasta lokacin da ya rayu.

Da wannan hanyar aka gano cewa tsirrai masu alamun wannan zuri'a sun bayyana tun kimanin shekara miliyan 270 da suka wuce. A lokacin ko dabbobin nan da ake kira dainoso ba su zo ba. Bayan haka, wajen shekara miliyan 252 baya, aka yi mutuwar da ta fi kowace girma a tarihin duniya, inda mafi yawan halittun teku suka ƙare, na tudu ma suka ji jiki. Wannan zuri'a ta tsallake. Ba ma tsallakewa kaɗai ba, bayan nan ne ta yi ƙarfi. A zamanin da ake kira Jurasik, wanda fim ɗin nan na Jurassic Park ya ari sunansa, dangin ginko sun bazu ko'ina. An tono ganyensu a gaɓar tekun Yorkshire a Ingila, an tono a Saiberiya, an tono a Ostareliya. Mu ma nahiyarmu ba a bar ta a baya ba: a duwatsun Molteno na Afirka ta Kudu, waɗanda suka ma girmi Jurasik, akwai ganyen danginta. Kuma ba kala ɗaya ba ne. Wasu ganyensu a yayyage yake kamar yatsu, wasu sirara dogaye kamar igiya.

Yanzu ga inda labarin ya fi yi mini daɗi. Za ku ji ana cewa ginko "ba ta canja ba ko kaɗan tsawon shekara miliyan 200". Magana ce mai daɗin faɗa, amma duwatsu ba haka suka ce ba.

A garin Yima da ke lardin Henan na ƙasar Sin ana haƙar kwal. A cikin duwatsun wannan mahaƙa wani masani mai suna Zhou Zhiyan da abokin aikinsa Zhang Bole suka samu ganye tare da 'ya'ya, suka bayyana su a 1989. Shekarunsu kimanin miliyan 170. Wannan babban abu ne, domin ganye kaɗai yana iya yaudara, tsirrai daban-daban sukan yi ganye iri ɗaya. 'Ya'ya su ne shaidar nasaba. Aka sa mata suna Ginkgo yimaensis, wato ginko ta Yima, tana cikin mafi tsufan waɗanda aka tabbatar 'yan wannan gida ne na haƙiƙa. Amma ku duba bambancin. Ganyenta a tsattsage yake sosai, 'ya'yanta ƙanana ne kuma da yawa, kowanne da nasa sandan. Ta yau kuwa sanda ɗaya take fitarwa mai ɗauke da ƙwaya biyu a kai, galibi ma ɗaya ce ke girma.

Tsakanin ta Yima da masu kama da ta yau akwai giɓi na kusan shekara miliyan 100, babu 'ya'yan da za su haɗa su. Sai a 2003 Zhou ɗin nan dai, tare da Zheng Shaolin, suka ba da sanarwar wata daga lardin Liaoning, mai shekara kimanin miliyan 121. A waɗannan duwatsun na Liaoning ne aka riƙa tono dainoso masu gashin tsuntsu. Wannan ta biyun, wadda aka kira Ginkgo apodes, 'ya'yanta sun taru cunkus a kan sanda ɗaya, ƙananan sandunan sun kusa ɓacewa. Wato tana tsakiya. Idan ka jera ukun, kana ganin tafiyar da idonka: 'ya'ya suna raguwa, suna ƙara girma, ganye yana haɗewa. Daga wajen shekara miliyan 60 baya ne za ka ga wadda idan aka ajiye ta gefen ta yau sai gwani zai raba su. Ko hakan ma ba ƙaramin abu ba ne. Amma canji dai an yi, a hankali ne kawai.

Af, kalmar nan "burbushi mai rai" da ake yawan liƙa mata, Charles Darwin ne ya kawo ta a littafinsa na 1859. Kuma ba da ginko ya yi misali ba. Ɗaya daga cikin misalansa wani kifi ne ɗan uwan gaiwa, gaiwar nan tamu da ke shigewa cikin laka ta yi rani tana jiran damina. Saboda haka duk wanda ya taɓa cin gaiwa, ya ci ɗan tsohon gida.

To me ya cinye dangin?

Tun daga wajen shekara miliyan 100 baya, lissafinsu ya fara raguwa, daidai lokacin da tsirrai masu fure suka fara mamaye duniya. Bincike a kan wuraren da ake samun burbushin ginko ya nuna cewa ta fi son bakin rafi, inda ambaliya ke share ƙasa ta bar fili. To masu fure ma nan suke so, kuma sun fi ta sauri nesa ba kusa ba. Ciyawa za ta tsiro ta yi iri ta zubar a damina ɗaya. Ginko sai ta yi shekara 20 zuwa 30 kafin ta fara 'ya'ya. Kamar mai jaki ne da mai babur suna neman kasuwa ɗaya.

Duk da haka, da dutsen nan ya faɗo daga sama shekara miliyan 66 baya ya kawo ƙarshen dainoso, ginko ta sake tsallakewa. A lokacin duniya da ɗumi, har can kusa da ƙarshen arewa, a tsibiran Svalbard inda yau ƙanƙara ce, akwai ta. A tsibirin Mull na Sukotlan akwai ta. A jihar Washington ta Amurka akwai wani wurin shaƙatawa da aka sa wa sunanta, saboda an samu kututturanta da suka zama dutse a cikin aman dutsen wuta mai shekara kimanin miliyan 15. Sai duniya ta fara sanyi tana bushewa. Kudancin duniya ya riga ya rasa ta. Amurka ta Arewa ta rasa ta wajen shekara miliyan 7 baya. Turai ta rasa ta wajen miliyan biyu da rabi, gab da shigowar zamanin ƙanƙara. Daga ƙarshe ba ta rage ko'ina ba sai a wasu kwaruruka masu laima tsakanin duwatsun ƙasar Sin.

Akwai kuma wata matsala: wa zai ɗaukar mata iri? Warin nan ba a banza take yinsa ba, kira ne ga dabbar da ke son abin da ya ruɓe, ta haɗiye ta je ta kasayar da ƙwallon a nesa. Wasu masana suna hasashen cewa asalin masu amsa kiran sun daɗe da ƙarewa, har akan ambaci dainoso, amma wannan hasashe ne. Abin da aka gani da ido a yau shi ne wasu ƙananan namun daji dangin tunku da muzuru suna cin 'ya'yan a Sin da Japan.

Sai ga wata halitta ta zo wadda warin bai kore ta ba: ɗan Adam. Mutanen Sin sun gano cewa idan ka wanke ɓawon mai wari, ka fasa farin ƙwallon, abin da ke ciki yana gasuwa yana ciyuwa. A ƙarni na 11, zamanin daular Song, ana kai ƙwallayen nan babban birni Kaifeng a matsayin kyauta ga sarki, har manyan marubutan lokacin, Ouyang Xiu da Mei Yaochen, suka yi musayar waƙoƙi a kanta. Suna kiranta "ƙafar agwagwa" saboda ganyen, ku sake kallon hoton za ku ga sun yi gaskiya. Suna kiranta "farin ɗan itace". Sunan da ya fi burge ni shi ne "bishiyar kaka da jika", wato kaka ya dasa, jika ya ci. Aka riƙa dasa ta a gonaki da farfajiyar wuraren bauta, inda babu mai sa mata gatari. Daga nan ta haura Koriya da Japan.

A Japan ɗin ne Bature ya fara rubuta labarinta. Engelbert Kaempfer, likita ɗan Jamus, ya yi aiki da kamfanin kasuwancin Holan a ɗan tsibirin Dejima na Nagasaki daga 1690 zuwa 1692, lokacin da Japan ta rufe ƙofarta ga kusan dukkan Turawa. A littafinsa na 1712 ya zana ta, ya rubuta sunan "Ginkgo". Sunan da ya so rubutawa ana furta shi kamar "ginkyo", kuma yawancin masu bincike suna ganin harafin y ne ya rikiɗe ya zama g. Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, ya ɗauki rubutun yadda yake a 1771, ya ƙara "biloba", wato mai ɓangare biyu. Shi ke nan kuskure ya zauna daram. Shekara fiye da 300 duniya tana wahalar furta shi.

Kafin nan ma bishiyar ta riga ta isa Turai: Utrecht wajen 1730, lambun Kew na Landan wajen 1762, kuma wannan ta Kew tana nan da ranta. Ta shiga Amurka a 1784. Abin dariya, waɗanda suka fara girma a Turai maza ne, sai a 1814 aka gano mace kusa da Geneva, aka yanki rassanta aka yi wa namiji aure da su a Montpellier ta Faransa, aka samu iri a 1835. Kun ga ta koma ƙasashen da ta bari shekaru miliyoyi, wannan karon a jirgin ruwa.

Amma mutumin da na fi so a duk labarin nan shi ne Hirase Sakugoro. Ba farfesa ba ne. Mai zane ne, an ɗauke shi aiki a sashen tsirrai na jami'ar Tokyo don ya riƙa zana wa malamai hotuna. A nan ya koyi aiki da madubin ƙara girma, ya ɗora wa kansa binciken yadda ginko ke ɗaukar ciki. Abin yana da wuya, domin iska tana kai ƙurar namiji ga mace tun farkon bazararsu, amma haɗuwar ba ta faruwa sai bayan wata huɗu zuwa biyar, kuma cikin ɗan taƙaitaccen lokaci. Haka ya yi ta tsinko 'ya'yan wata babbar bishiya a lambun Koishikawa yana yankawa yana dubawa. A watan Satumba na 1896 ya ga abin da babu wanda ya taɓa gani a tsiro mai iri: ƙwayar namiji tana iyo. Tana da 'yan gasu kimanin 1,000 da take kaɗawa, tana juyawa cikin ɗigon ruwan da ke cikin ƙwallon har ta isa ga ƙwan mace.

Me ya sa wannan ya girgiza masana? Saboda iyo al'adar tsofaffin tsirrai ce irin su gansakuka, waɗanda sai da ruwa a ƙasa suke hayayyafa. Masu iri irin su masara da mangwaro sun daina, bututu suke miƙawa ya kai ƙwayar har gida. Ginko tana da iri, amma ba ta yar da iyon kakanni ba, sai ta mayar da kududdufin cikin ƙwallonta. A shekarar dai abokin aikinsa Ikeno Seiichiro ya ga irin haka a wani tsiro mai kama da gajeren dabino da ake kira saikad. Har yau su biyun nan kaɗai aka sani da wannan hali a cikin masu iri. Hirase kuwa, shekara ɗaya bayan gano abin, ya bar jami'ar ya koma koyarwa a makarantar sakandare. Sai a 1912 aka ba su babbar lambar yabo shi da Ikeno. Bishiyar da ya yi aikin a kanta tana nan tsaye a lambun.

Labarin Hiroshima kuma na san wasunku sun ji. Ranar 6 ga Agusta 1945 bam ɗin nukiliya ya ƙone birnin. Akwai ginko guda shida da ke tsakanin kilomita ɗaya zuwa biyu daga inda ya fashe, sun babbake amma suka sake toho, kuma suna raye har yau. Ɗaya tana wurin bautar Hosenji, da aka zo sake ginin sai aka tsara matakalar ta zagaye bishiyar maimakon a sare ta. A yi adalci dai, ba ginko kaɗai ta tsira ba, akwai wasu itatuwan da dama. Ita ce dai ta fi suna. Wannan taurin ran, da jure hayaƙi da ƙwari, shi ya sa ta cika titunan Tokyo da Seoul da New York. Kuma hukumomin birane sun fi dasa maza, kun san dalili.

Burbushin nata ma bai gama aiki ba. A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da yake shaƙar iskar kabon da su. Idan iskar ta yi yawa a sama, ganyen yakan yi ƙofofi kaɗan, idan ta yi ƙaranci ya yi da yawa. Tunda ginko ta shekara miliyan 50 baya ta yi kama da ta yau, masana a cibiyar Smithsonian ta Amurka sun shuka ta cikin ɗakunan da suka ƙara wa kabon, suka ƙirga ƙofofin, suka gwada da na fatar ganyen da ke cikin dutse, don su san yadda iskar duniya take a zamanin da ta yi zafi.

Na yi alƙawarin dawowa kan kwalba. An yi wani babban gwaji a Amurka da tsofaffi fiye da 3,000, aka bi su kimanin shekara shida, wasu suna shan maganin ganyen ginko wasu suna shan na bogi. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna bai hana cutar mantuwa ba. Saboda haka ɗalibin da ke shirin jarabawa, kuɗinka ya fi amfani a kan littafi. Mai shan maganin tsinka jini kuma kada ya haɗa da shi sai ya tambayi likita. Ƙwallon ma da ake ci a Sin da Japan yana da guba idan aka yi masa cin gyaɗa, yakan sa yara farfaɗiya, shi ya sa 'yan ƙwaya kaɗan ake ci.

A yau ginko tana kan tituna da lambuna a nahiyoyi da dama, miliyoyi. Amma tun 1998 sunanta yana cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, domin wannan jeri na daji yake ƙirgawa, ba na gefen titi ba. An daɗe ana ɗaukar na dutsen Tianmu a lardin Zhejiang a matsayin na daji, wasu masana kuma suka ce wurin ya daɗe da masu bauta, wataƙila su suka dasa. Wani bincike na 2012 ya nuna cewa waɗanda ke duwatsun Dalou, a kudu maso yammacin Sin, sun fi kama da ragowar asalin daji. 'Yan ƙananan gungu ne, a tsakanin duwatsu da bakin rafuka, kusa da ƙauyukan da mutanensu ba su da al'adar dasa ta, ba su kuma da al'adar sare ta.

Nan za mu dakata. Wanda yake zaune a ƙasar da ake da ita, ya ɗauko mana hoton ganyen ya ajiye a ƙasan wannan rubutu, a kusa sosai yadda jijiyoyin za su fito. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.